Ƙodar da Na Kasa Riƙewa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukawuya, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Gombe lafiya, Ya tsare maka hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a makarantar da za ka koyar. Allah Ya raba ka da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Ka san ni da kai ba mu iya zama mu yi doguwar magana. Sunan mahaifina gare ka, da na ɗaga ido na dube ka sai bakina ya yi nauyi, kai kuma ka sunkuyar da kai ka yi ta "to, Baba" alhali ba abin da ya shiga kunnenka. Shi ya sa na ce bari in rubuta. A kan gadon wankin ƙoda nake rubutun, hannun hagu yana wurin inji, na dama yana kan takarda, saboda haka in ka ga layi ya karkace kada ka ce tsufa ne. Zan ba Ummanka ta saka maka a jaka. Sai ka sauka ka huta ka ci abinci tukuna ka karanta.

Ciwon nan a wurina ka gaje shi, ni kuma a wurin tsohuwata. Ba ni da ta cewa a kan wannan sai dai Allah Ya sa kaffara ne. An yi mini dashe, ƙanina Habu, Baffanka, ya ba ni ƙodarsa. An yi maka dashe, ƙanwarka Rabi ta ba ka tata. Tawa ta mutu, kuma da hannuna a ciki. Taka tana nan tana aiki, ita ce abin da nake ji wa tsoro. Lokacin da abin ya same ni kana makaranta a Zariya, gutsi-gutsi ka ji labarin, kuma na hana a gaya maka wani wurin. Yau zan gaya maka shi yadda yake.

Ranar da za a sallame ni bayan dashe, likita ya zaunar da ni ya ce, "Malam Sabo, ƙwayoyin nan da za ka riƙa sha har ƙarshen rayuwa, aikinsu su kwantar da garkuwar jikinka don kada ta yaƙi baƙuwar ƙoda. Kamar ka sa mai gadi barci ne. Ƙwayar cutar da za ta shiga jikin maƙwabcinka ta fita bai sani ba, kai tana iya kwantar da kai. Akwai ma waɗanda mu likitoci sai mu daɗe ba mu ga mai su ba, a irinku muke ganinsu." Ya lissafa mini abubuwa: ɗanyen nono, ƙasa, kashin tsuntsaye, ruwan da ba a tafasa ba. Na yi ta gyaɗa kai. Wallahi hankalina yana kan rumfata ta Ƙofar Wambai da fatun da na bari ba a yanka ba.

Abin da ya fara kayar da ni kunya ce. Na dawo gida, 'yan dubiya suka cika soro har tsakar gida. Ana cikin haka sai ga Inna Delu, ƙanwar tsohuwata, daga ƙauye, da ƙwaryar kindirmo a naɗe cikin zane. Tsohuwa ce tukuf, ta sha rana, ta sha mota. Ta dama fura da hannunta ta miƙo mini ludayi ta ce, "Sha, ɗan nan, na saniyata ne, ko ruwa ban sa ba. Shi zai mayar maka da jini." Ummanka tana bakin ƙofa tana girgiza mini kai. Na gan ta sarai. Na ce a raina, yaya zan dubi matar da ta goya ni in ce abin da ta ɗauko daga ƙauye zai cuce ni? Na sha, har na ƙara don ta ji daɗi.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ni, wuya ya sanƙare, ko hasken taga ba na son gani. Aka kwashe ni sai asibiti. Suka ce wata ƙwayar cuta ce da ke zama a nonon da ba a dafa ba, masu lafiya ba ta cika yi musu komai ba. Na sha allurai har jijiyoyina suka ɓuya. Allah Ya yi da sauran kwana, na tashi, ƙodar ma ta tsira. Inna Delu har ta rasu ba ta san nononta ne ba, kuma ban so ta sani ba.

To Abba, inda za ka ƙasar shanu ce, kuma mutanen kirki ne masu son baƙo. Za a kawo maka nono, za a kawo maka fura. Kada ka yi ƙarya ka ce ka ƙoshi, don gobe za a sake kawowa. Ka faɗi gaskiya tun ranar farko: an yi mini dashen ƙoda, likita ya hana ni abin da ba a dafa ba. Wanda zai ji haushi ya ji. Haushin mutum yana hucewa, ni shaida ne. Ka nemi tukunyarka, ka tafasa ruwanka, ka ci abinci da zafinsa.

Na biyu kuwa, abin dariya ne da ba dariya a ciki. Aka ce in riƙa sa takunkumi da safar hannu in zan shiga majema zaɓen fata. Ka san wurin, ka san ramukan da ake jiƙa fata da toka da kashin tattabara. Ranar farko na sa. Ina shiga wani abokina ya ce, "Kai jama'a, ku ba likita hanya. Sabo, tiyata za ka yi wa akuyar?" Aka kwashe da dariya. Ni da na tashi a cikin warin nan, ubana baduku, kakana baduku. Na cire na cusa a aljihu. Na ci gaba da shiga haka nan, kuma ba abin da ya same ni.

Da ma a ce wani abu ya same ni, ko ɗan ƙurji ne. Rashin samun komai ɗin nan shi ya cuce ni, don daga nan na fara cewa likitoci tsoro ne ya yi musu yawa. Na nonon ma sai na mayar da shi tsautsayi. Ka kiyayi wannan tunanin, na san kana da shi, taurin kanka ba daga sama ya faɗo ba. In ka karya doka ka kwana lafiya, ba wai dokar banza ce ba, Allah ne Ya rufa maka asiri ranar.

Yanzu ga babban.

Baffanka Habu ya rasu a hatsarin mota, yana dawowa daga kasuwar Wudil da fatu. Wannan ka sani. Da hantsi aka kawo shi, bayan azahar aka sallace shi. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da na yi a maƙabarta. Tun ina saurayi, duk wanda ya rasu a layinmu ni ne mai shiga kabari in karɓe shi, ni ne mai jera tukwane, ni ne mai liƙe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Hannuna ya iya, mutane sun san ni da shi. Bayan dashe na daina, nakan tsaya daga baya. Amma ranar, da aka sauke makara, na ga wasu samari biyu suna naɗe wando za su shiga, sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Mutumin da aka tsaga cikinsa saboda ni, wasu ne za su kwantar da shi ina tsaye kamar baƙo? Liman ya riƙo rigata ya ce, "Malam Sabo, bar yara su yi, kai ba ka da lafiya." Na ce, "Allah gafarta Malam, ɗan'uwana ne." Ya sake ni.

Na shiga na karɓe shi, na kwantar da shi a kan damansa, na kwance ɗaurin likkafani. Na jera tukwanen da aka fasa a kan ramin. Wajen gyara ta ƙarshe bakinta ya yanke ni a bayan hannu, ɗan yanka ne, wanda a rumfa ko kallonsa ba na yi. Da wannan hannun na cusa cikin laka na yi ta liƙe kafofi har na gama. Sannan aka tura ƙasa, ƙura ta tashi, na shaƙe ta son raina ina kuka. Da na fito na wanke hannu da ruwan da ya rage a jarkar masu kwaɓi. Mutane suka yi ta cewa, "Sabo ya cika ɗan'uwa." Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin maganar.

Bayan sadakar bakwai wurin yankan ya yi ɗan ƙululu, ba zafi sosai. Sai tari. Sai ɗan zazzaɓin yamma da ba ya hana ni fita. A nan na tafka wautar da ta fi ta maƙabarta. Na san in na koma wurin likitocina za su tambaye ni inda na sa hannu, ni kuma ba na son faɗa. Sai na tafi kemis na ce maleriya ce. Da ta ƙi, na tafi wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a san ni ba, ban ce musu an yi mini dashe ba. Suka ɗauki hoton ƙirji suka ga tabo, suka ce tarin fuka ne, suka ɗora ni a kan maganinsa. Ba laifinsu ba ne, abin da na nuna musu shi suka gani. Daga baya na ji cewa wani daga cikin magungunan ma yana rage ƙarfin ƙwayoyin dashen. Ummanka ta yi magana har ta gaji. Na ce mata, "Ke dai ba ki son a zauna lafiya."

Wata ranar kasuwa ina yanka fatar takalmi a rumfa, wuƙar ta suɓuce daga hannuna, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ban san sauran ba. Aka ce na faɗi ina jijjiga, bakina ya karkace. Aka kawo ni gida, 'yan'uwa suka taru. Wannan ya ce iska ce, tunda ya shiga kabari. Wancan ya ce hannu aka sa masa. Aka yi ta tofi da hayaƙi. Ban raina addu'a ba, Abba, har gobe da ita nake kwana nake tashi, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Rabi ce, tana yarinya a lokacin, ta tsaya a tsakar gida ta ce in ba a kai Baba asibitinsa ba za ta fita titi ta yi ta ihu. Albarkacin rashin kunyarta nake numfashi yau.

A asibiti suka ɗauki hoton kai suka ga ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa. Suka tsaga ƙululun hannun suka ɗebi ruwansa. Likitan ya tsare ni da ido ya ce, "Malam Sabo, ka yi noma ne? Ka yi yaɓe? Ina ka taɓa ƙasa?" Ummanka ta ce, "Kabarin ƙaninsa ya shiga." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai rubuta wani abu ya aika ɗakin gwaji, ya ce su ƙara wa gwajin kwanaki, don abin da yake zargi ba ya saurin nuna kansa. Da sakamako ya fito ya ce wata ƙwayar cuta ce, sunanta Nokadiya. A ƙasa take zama, ta shiga ta yanka ko ta numfashi, ta kama huhu, ta haura kai. Ya ce tana kama da tarin fuka har ta ruɗi likita, kuma ba kasafai ake ganinta ba sai a masu raunin garkuwa. Ka riƙe sunan nan, ko ba ka iya faɗarsa daidai ba.

Sannan ya gaya mini maganar da har yau nake jin ta. Ya ce magani kaɗai ba zai ci ƙarfinta ba sai an rage ƙwayoyin dashe, garkuwar jiki ta farka ta taya yaƙi. In ta farka kuma, tana iya juyawa kan ƙodar. Ya ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu mu tsirar da duka biyun. Amma in ya zama dole a zaɓa, ranka za mu zaɓa." Na ce a bar ƙodar, ni in tafi. Ya ce ba a yin haka, in na tafi ai da ita zan tafi.

Ka san a mara ake dasa ta, kana iya jin ta da tafin hannu. Tun rasuwar Habu na saba in na kwanta in ɗora hannu a wurin. Yana cikin ƙasa, amma ga wani yanki nasa yana aiki a jikina, ko fitsari na yi sai in ce Allah Ya jiƙan Habu. Watanni ina shan maganin cutar nan, ƙurjin kai yana ƙanƙancewa, fitsari kuma yana raguwa. Ƙafafu suka fara kumbura. Ranar da suka ce a koma wanki ban yi kuka a gabansu ba, sai da na shiga banɗaki. Abin da ya rage na ɗan'uwana a duniya amana ya ba ni, na je na kashe shi garin nuna wa mutane ina ƙaunarsa. Wannan baƙin cikin bai sake ni ba, kuma na san da shi za a binne ni.

Saboda haka ka ji. Duk asibitin da ka shiga, ko ciwon haƙori ya kai ka, kafin ka gama sallama ka ce an yi maka dashe, ka nuna musu ƙwayoyin da kake sha. Kada ka karɓi magani a hannun kowa sai likitocinka na nan sun sani, waya ba ta da nisa. Zazzaɓinku masu dashe ba ya zuwa da ƙarfi, ƙwayoyin suna danne shi, don haka ɗan ɗumin jiki, ko tarin da ya ƙi tafiya, ko ƙurjin da ba ya zafi, kada ka ce bari mu ga gobe. In an tambaye ka inda ka sa hannu ka faɗa, ko abin kunya ne. In an ba ka magani ba ka ga sauƙi ba, ka buɗe baki ka ce a nemi irin cututtukan da ba a saba gani ba. Ba rashin ladabi ba ne. Ƙodar da ke jikinka ta Rabi ce, tana da miji, tana da goyo, da guda ɗaya take yawo saboda kai.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na nemi takarda.

Watan jiya, a jana'izar maƙwabcinmu mai shayi, ina zaune a gindin bishiya don ƙafafuna ba sa ɗaukar tsayuwa. Na hango ka. Na ga ka cire hula ka miƙa wa na kusa da kai, ka fara naɗe hannun riga. Ba don wani ya riga ka shiga ba, da ka shiga. Na ce a raina, wannan maƙwabci ke nan. Ranar da aka sauke tawa makarar fa, wa zai riƙe shi?

Jikina yana gaya mini abin da likitoci ba sa son faɗa. Wankin ba ya karɓata kamar da, zuciyar ma ta gaji. Ba na jin zan ga wata damina, ilmi dai yana wurin Allah. Na tambayi Liman, ya ce binne mamaci farilla ce da in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, kuma ba a ce lallai sai ɗa ba. Na sa shi ya kira mijin Rabi da Sani ɗan Baffanka, na ce su za su karɓe ni. Na faɗa a gaban dattawan layi, don kada wani ya buɗe baki wata rana ya ce ɗan Sabo bai sa ubansa a kabari ba.

Amma na san ka, kuma na san abin da ke tokare ƙirji a wurin nan, ba Liman da zai iya riƙe rigarka. Ummanka tana fushi da ni, ta ce yaya zan bar yaro mai dashe ya tafi wata jiha alhali an ba shi gurbi a nan Kano. Kai ma na ga ka yi mamaki da na ce Gomben za ka karɓa. Ban gaya mata dalili ba, kai zan gaya wa. Na auna nisan hanyar ne. In an buga maka waya, kafin ka iso an gama. Na bar wasiyya kada a jira ka.

Ka yi haƙuri. Na san na ƙwace maka abin da kowane ɗa yake so ya yi wa ubansa, kuma ni ma ba hannun da nake so ya kwantar da ni kamar naka. In ka iso ka wuce gida wurin Ummanka. In ka je ziyara ka tsaya da takalminka daga gefe, ka yi mini addu'a, tana isowa daga nan. Kada ka durƙusa ka gyara tudun, kada ka ɗebi ƙasar, kada ka shafa. In kuma Allah Ya ƙaddara kana gari ranar, ka sallace ni, ka raka ni, ka tsaya a baya. Ban taɓa gaya wa ɗana wannan kalmar ba, yau zan faɗa: in ka sa hannu a ƙasar kabarina, ban yafe ba. Duk sauran abin da ka taɓa yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe maka duniya da lahira.

Nas ta zo cire allura, dole in tsaya nan.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya. Allah Ya sa ƙodar nan ta raka ka har tsufa, Ya saka wa Rabi da gidan Aljanna, Ya jiƙan Habu. Allah Ya tsare ka a ci da sha, da inda za ka taka, da abin da za ka taɓa. Allah Ya yi maka albarka. Ni ma ka yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sabo